Dutsen Innarmu a Bakin Hanyar Keke

Mai mota ba ya sayen ƙosai. In ma ya saya, ta taga zai miƙo hannu, fuskarsa na kallon gaba, ko sannu ba za ki samu ba. Mai babur yana saye, amma da inji a kunne, hayaƙi na shigar miki ƙullu. Mai keke shi ne mutumina. Ya taso tun asuba daga ƙauye, ya murza feda har tuwon jiya ya ƙone a cikinsa, in ya iso bakin gari yunwa ce ke tuƙa shi. Zai tsaya ya gaishe ki, ya tambayi mutanen gida, ya ci, ya kora da koko, sannan ya wuce.

Na yi shekaru ina tuya a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, tun maigidana yana da rai har bayan ransa. Gidan yana bakin titin da ya fito daga Doguwa, ta hannun gabas, gefen da masu shigowa gari suke bi. Kuma ina da abin da babu wata mai tuya a layin nan da take da shi. Ina da dutse.

Dutsen niƙan innarmu ne. Da ta rasu aka raba 'yan kayanta, ni babba na ɗauki dutsen, ƙanwata ta ɗauki tasoshi. Auta muke ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Da injin niƙa ya cika gari dutsen ya rasa aiki, sai na sa aka fito da shi aka kife a gaban murhuna don in riƙa ɗora kwano. Masu keke ne suka gano masa aikin gaske. Wanda ya ɗauro itace ko rake ko buhun masara a kariyar bayan keke ba ya son sauka, domin da ya ɗaga ƙafa zai tsallake, kaya su rinjayi keke. To tsayin dutsen nan daidai yake da inda ƙafar mutum take kaiwa in yana kan sirdi. Sai ya zo ya ja birki, ya ɗora ƙafar dama a kai, ya zauna daram kamar a kujera, in miƙa masa. In ya gama ya tura dutsen da ƙafa, keke ya ɗauke shi. Bayan dutsen har ya yi santsi don takawa. Akwai masu ƙosai uku kafin a iso ni, duk ana wuce su a zo wurina.

Auta kuwa a tsallaken titi aka aurar da ita, ƙofarta na kallon tawa. Ita irin mutanen nan ce da abu ke zuwa ya same su a zaune. Tun muna yara haka take. Ni in yi surfe in yi daka, ita ta yi dariya, baƙo ya zo ya ce kai, yarinyar nan akwai fara'a. Ba ta taɓa sana'ar bakin titi ba, ɗan ƙuli-ƙulinta take yi a cikin gida.

Sai aka zo gyaran titi. Katafila ta yi watanni tana kai da komo. A gefena gidaje sun matso, don haka da aka faɗaɗa kwalta sai ta cinye 'yar jar ƙasar da masu keke ke bi, aka haƙa lambatu dab da bangona, aka ɗora min falle ɗaya na kankare a ƙofa in riƙa tsallakawa. A nan na mayar da murhu da dutse. A gefen Auta akwai fili. Can sai suka bar wata siririyar hanya, faɗinta keke biyu su gifta, suka jera tubalan kankare masu fentin fari da baƙi tsakaninta da babban titi, yadda mota ba za ta iya hawa ba. Ranar da suka gama na ga wani lebura ya durƙusa yana zane a ƙasa. Ban yi boko ba, amma hoton keke ba ya buƙatar karatu. Na tsaya ina kallonsa yana zana taya ta biyu.

Washegari na soya kaskon farko, na zauna. Ga su nan suna zuwa, mai rake, mai buhu, masu jarkokin madara, duk a tsallake, a jere cikin siririyar hanyarsu, hankali kwance, wani har da sakin hannu yana gyara hula. Suna ɗaga min hannu daga can.

"Gwaggo, ina kwana."

"Lafiya lau," in ce. Su wuce.

Kwana uku a haka sai ga Auta ta tsallako, tana riƙe da gefen mayafi.

"Yaya, mutanenki fa sun ishe ni. Kowa ya zo sai ya tsaya a ƙofata, wai ina ƙosai."

"Ki nuna musu da baki. Ai ba ƙaura na yi ba."

"Tsoron tsallakowa suke da kaya. Kin ga yadda motoci suke gudu tunda titin ya yi kyau."

"Da can aljanu ke tsallako da su?"

"Da can ai ta gefenki suke bi, Yaya." Ta waiga ta dubi ƙofarta. "Ko ki dawo ƙofata ki riƙa tuyarki? Ga inuwa, ga fili."

"In bar ƙofar mijina in je in raɓe a ta mijinki? Ina babba?"

Ta yi 'yar dariyar nan tata. "To in ba za ki zo ba, ni in gwada?"

"Wake na kasuwa, mai na kasuwa. Ni na riƙe miki hannu?"

Na faɗa ne don na san ba ta iya ba. Kuma ba ta iya ɗin ba, wannan ba sharri na yi mata ba. Ƙullunta ruwa ya yi masa yawa, ba ta buga shi ya tashi, ƙosanta kwance yake a kasko yana shan mai. Daga inda nake ina gane wanda ya ƙone da wanda bai nuna ba. Amma mai yunwa da ya taso daga ƙauye ba ya tambayar wa ya buga ƙullu. Mako bai zagayo ba ƙofarta ta cika da kekuna, an jingina a bango, an jingina a bishiya.

Abin da na yi a watannin nan ba duka nake son tunawa ba, amma tunda na fara zan faɗa. Na juya kujerata yadda zan riƙa ganin ƙofarta ba sai na waiga ba. Na san wanda ya tsaya da wanda ya ƙara, da wanda ya ɗaga min hannu da wanda ya sunkuyar da kai kamar bai gan ni ba. Wannan na biyun ya fi min ciwo, don ya san abin da ya yi. Na ji suna ce mata Gwaggo, sunan da ni ake kira da shi a layin nan. Na daina shiga gaishe ta da yamma. Ni da ban taɓa talla ba, na tsinci kaina ina ɗaga murya ina cewa ga zafi ga zafi, ƙarar mota na haɗiye maganar. Na je wurin mai unguwa na ce a bincika yadda aka yi hanya ta faɗa ƙofar wasu ta tsallake ta wasu. Ya ce, "Baba, fili suka bi, ba fuska ba." Na ce haka dai aka ce maka.

Wata safiya wani mai rake ya sauka a ƙofarta, kaya suka rinjaye shi, keke ya faɗi, rake ya watse har ya ture mata robar ƙullu. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Na yi istigfari daga baya, amma na ji ɗin. A nan na gane abin da ba ta da shi. Tubalan hanyar suna ta gefen motoci, wanda ya ɗora ƙafa a kai kayansa leƙawa suke cikin titi. Ta gefen gidanta kuwa babu abin takawa. Dole mai kaya ya sauka. Na dubi dutsena na ce, kai dai kana nan.

Mutum ɗaya ne bai bar ni ba. Wani dattijo mai itace, daga wani ƙauye a kan hanyar Doguwa, ya girme ni da kaɗan. Gwiwarsa ta hagu ta lalace, in ya sauka daga keke hawa sai an riƙe masa. Shi kullum in ya zo daidai inda aka bar giɓi a tubalan, sai ya karkato ya ratsa titi da tulin itacensa, ya zo ya ɗora ƙafa a dutse.

"Malam, kai kaɗai ka san amana a garin nan," na ce masa wata rana.

"Ke, kada ki ruɗi kanki. Don dutsen nake zuwa. Fuskar nan taki ai ba ta kiran baƙo."

"Ƙosan fa?"

"Ƙosan babu laifi. Na can kamar an jiƙa katifa a mai. Ƙara min yaji."

Maganar nan ta riƙe ni mako guda. Duk safiya jiransa nake. Kuma ba zuwan nasa ne ya fi min daɗi ba, ganin Auta ta ga ya zo. Da ya karkato kan keke, idona ba ya kansa, yana kan fuskarta.

Haka nake yi ranar da abin ya faru. Ya karkato, ni kuwa ina kallon Auta, ina jira ta ɗago. Ta ɗago ɗin, amma sai na ga ta yar da matsami ta ɗora hannu a ka. Sannan na ji ƙarar. Tirela ce ɗauke da masara, ta taho daga kudu. Ya riga ya kusa tsallakewa, gefenta ya ɗan shafi bakin itacen da ya fito a bayansa, keken ya juya, ya zube a bakin lambatuna. Tirela ba ta ma san ta taɓa wani abu ba. Itace ya watse, hularsa ta faɗa ruwa, gwiwar hannunsa ta ɗaye. Allah ya tsare, iyakar abin ke nan.

Ni ce mai ido a layin nan, kowa ya sani. Akuya ba ta gifta titin nan ban gan ta ba. Motar nan daga nesa ake hango ta, kuma daga kujerata aka fi ganinta. Da titi nake kallo da na ɗaga masa hannu ya dakata.

Mutane suka tashe shi suka zaunar a kan dutsen. Na wanke masa hannu da ruwan ɗumi. Auta ta tsallako ko takalmi babu, ta tsamo hular tana matsewa.

"Malam," na ce, "daga yau kada ka ƙara tsallakowa."

"Korata kike?"

"Korarka nake. In ka zo ba zan sayar maka ba."

"To in ci a ina? In tsaya da ƙafa ɗaya a can kamar zalɓe, itace ya danne ni?"

Na dubi samarin da ke tattara masa itace na ce biyu su nemo baro. Da ya tashi na ce su ɗauki dutsen su kai ƙofar can. Sai da suka haɗu su uku kafin ya ɗagu. Ƙarƙashinsa na ga kwarmin da hannun innarmu ya yi, rabona da ganinsa tun ranar da aka kife shi.

Auta ta tsaya tana kallo. "Yaya, dutsenki ne fa."

"Na innarmu ne. Ke ba ita ta haife ki ba?"

"To ai dutse ba ya tuya." Ta sunkuyar da kai. "Sun gaya min ƙosaina shan mai yake. A gabana suke faɗa, har da cewa in je in koya wurin yayata. Ni kuma ƙofarki ta yi min nisa kwanan nan."

Wata nawa suna faɗar haka, ni ina tsallake ban ji ba. Na so in ce ta maimaita. Na dai ce, "Ba kya buga ƙullu ne."

Da asubar washegari na ɗauki kaskona da murhuna, na duba kudu na duba arewa, na tsallaka. Har yau a can nake tuya. Ni ke buga ƙullu ni ke soyawa, ita tana dama koko tana yi wa mutane dariya. Mai itace yana zuwa ta siririyar hanyarsa, ya ɗora ƙafa, ya ce fuskata har yanzu ba ta gyaru ba. Cinikina ya dawo, ya ma fi na da, don yanzu har 'yan makaranta masu keke ta nan suke bi, iyayensu sun daina tsoro.

Amma kada wani ya ce na huce. Ina ji da kunnena, in biyu za su rabu a hanya, ɗaya ya ce wa ɗaya mu haɗu a wurin ƙosan Auta. Kaskona, hannuna, dutsen da na riƙe shekara da shekaru, wai ƙosan Auta. Ita ko gyara musu ba ta yi, dariya take. Kujerata kuwa a can ma na juya ta, yanzu ƙofata take kallo. Inda dutsen ya zauna ya bar tabo a kan kankaren, kuma babu mai tsayawa a wurin sai akuyar maƙwabta. In Auta ta kama ni ina kallo sai ta ce, "Yaya, mai ya yi zafi." In juyo in saka ƙullu.