Saitin Baba Madubi

Shekara talatin da ɗaya Baba Madubi ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar likitocin dabbobi. Ba malami ba ne, ko sakandare bai gama ba. Amma shi ke yanka hantar tunkiya siririya kamar ɓawon albasa, ya rina ta, ya shimfiɗa a gilashi don ɗalibai su ga ƙwayoyin halittar da ke ciki. Kowace safiya yakan bi madubin likita ashirin da ke kan tebura, ya leƙa, ya murza, har ƙwayar ta fito fes. Ɗalibi sai dai ya zo ya kafa ido. Kaiton wanda ya taɓa masa saiti!

To, bara idonsa ya fara hazo. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da aka ce saitinsa ya kauce, ranar aikinsa ya ƙare. Ya yi ta kasa kunne, bai ji ƙorafi ba, hankalinsa ya kwanta.

Wata Talata bayan darasi ya dawo ɗaukar makullinsa, ya tarar da shugabar aji tana bin madubai, tana murza kowanne baya kaɗan.

"Ke! Me kike yi?"

Ta daskare. "Baba, mayar da su nake."

"Ina?"

"Inda ka bar su." Ta sunkuyar da kai. "In mun shigo sai mu gyara mu gani, in za mu fita mu mayar. 'Yan ajin bara ne suka koya mana."

Bara! Ashe shekara guda cur yaran nan suna rufa masa asiri. Kunya ta lulluɓe shi, tare da baƙin ciki mai nauyi.

Ya matsa ga madubin da ba ta kai ga mayarwa ba, ya leƙa. Jan hazo kawai ya gani.

"Zo ki duba. Me kike gani?"

"Ƙwayoyin hanta, Baba, kowacce da ɗigonta a tsakiya. Wallahi yankan ya yi kyau."

Ya daɗe yana kallon hannayensa.

"Bar su haka, 'yata."

Washegari ya yanka, ya rina, ya ajiye gilashi a gefen kowane madubi. Bai leƙa ko ɗaya ba.