Tsamin Cinya Daga Jalingo Zuwa Jimeta

Lahadi: Jalingo zuwa Zing

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidana a Majidaɗi. Leda ɗaya ce a hannuna, riga da gajeren wando da takalmin roba a ciki. Matata Dija ta biyo ni har zaure tana kallon ƙafafuna.

"Malam, tafiyar nan taka ta canza fa."

"Sanyi ne. Koma ciki."

Ba sanyi ba ne, kuma gara in faɗa muku tun yanzu. Shekara uku ke nan da aka sallame ni daga aikin masinja, ina zaune, Dija ke ciyar da mu da sana'ar ƙosai. Sai Danjuma, wani Mumuye tsohon soja da muka taɓa maƙwabtaka, ya aiko daga Jimeta cewa kamfanin gine-ginen da yake wa gadi zai ɗauki masu gadi shida ran Litinin. Ba ruwansu da takarda. Fili za a zagaya da gudu sau huɗu, shidan farko su ne. Ni da na tsaya a aji biyar, ina zan ƙara samun aikin da ba a tambayar takarda?

To rabona da gudu tun ina buga ƙwallo, shekara ashirin. Sai na yi dabara irin ta wawa. Ran Asabar na sauka cikin yashin kogin Mayo Gwoi, na yi ta gudu da safe har rana ta take, na kuma komawa da la'asar. Masu wanki suna ta dariya, ni kuwa ina jin kaina saurayi. Na kwanta garau. Da asubar Lahadi ne na ji kamar an ɗaure mini cinyoyi da igiya.

Fijo na samu a tasha, amma ba mu tashi ba sai bakwai da rabi, direba ya tafi neman mai wajen 'yan bumburutu. Mu huɗu a kujerar tsakiya, gwiwata na tokare da ƙarfen kujerar gaba. Shinge biyu muka wuce kafin Zing. A na biyun soja ya ce kowa ya sauko. Kowa ya sauka ban da ni, ƙafa ta ƙi miƙewa.

"Baba, a yi sauri mana," in ji direba.

"Wa ka ke ce wa Baba? Arba'in da shida gare ni."

"To Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

A Zing muka tsaya minti ashirin. Na ci soyayyar doya a tsaye, don na san in na zauna a benci sai an ɗaga ni.

Zing zuwa Jimeta

Bayan Mayo Belwa taya ta fashe, muka yi awa guda a bakin hanya. Na so in tsuguna in yi fitsari, na kasa. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna muka shiga Jimeta. Danjuma na jirana a tasha. Da ya ga yadda na fito daga mota da baya, ina dafe da ƙofa, ya daina murmushi.

"Buba, mene ne ya same ka? Mota ya buge ka?"

Na ba shi labarin yashi. Ya ɗora hannu biyu a ka.

"Kai, ka kashe kanka! Mu a soja mun san wannan abu. Nama ba ya kuka ranar da ka buge shi. Kashegari ya fara, ranar biyu shi ne yana ihu. Gobe ne ranar biyu naka. Da ka zauna kawai ka sha kunu, da ya fi."

"Me ya sa ba ka aiko da wannan a saƙon ba?"

"Na san za ka je ka yi tsere da kogi?"

Ɗakinsa ɗaya ne a bayan kamfanin, da tabarma da gadon soja. Ya bar mini gadon. Matarsa ta dafa ruwa, ya tsoma tsumma ya gasa mini cinya da sha-raɓa, ya bi da man kaɗanya yana murzawa da ƙarfinsa na soja. Na ciji hula don kada matar ta ji ƙaton mutum yana kuka. Na tambaye shi ko ciwon zai sake ni kafin safe.

"Kwana huɗu, biyar, zai tafi da kansa. Ba shi da magani sai hutu."

"Ba ni da kwana huɗu."

"Na sani," ya ce, ya ci gaba da murza.

Litinin: fili

Sallar asuba a zaune na yi ta. Ƙarfe takwas muka jeru a fili, mun kai talatin, yawanci samari. Amma na hango dattijai biyu da suka girme ni, ɗaya har da tumbi. Wani mai hular kwano ya busa usur.

Zagaye na farko na yi shi kamar mai tafiya a kan kara biyu. Numfashina lafiya lau, wannan ne ya fi ci mini rai. Ƙirji na cewa mu je, cinya na cewa ba inda za ni. A zagaye na biyu ƙafar hagu ta riƙe, na faɗi a kan hannuwana. Mai tumbin nan ya wuce ni yana haki kamar tsohon injin niƙa. Shi ya zo na shida.

Danjuma ya je ya roƙi mai hular kwano, ya ce a sake gwada ni ran Juma'a. Ina jin amsar daga inda nake zaune: "Ran Juma'a ɓarawo zai jira shi ya warke?"

Talata: komawa

Ƙarfe shida muka bar Jimeta. Danjuma ya sa aka ba ni gaba don in miƙe ƙafa, ya cusa mini sauran man kaɗanyar a leda. Ƙarfe sha ɗaya na safe na sauka a Jalingo, na ɗauki kusan awa guda kafin in ja jiki zuwa Majidaɗi. Dija na wanke kaskon ƙosai. Ta dube ni, ta dubi ledar. Ta ɗora ruwan zafi.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida, na gode wa Danjuma da matarsa, useko, in ji Fulani, sun yi abin da za su iya.

Ran Juma'a da safe akuyar maƙwabta ta sa baki a ƙullun Dija. Na zabura na bi ta, na tsallake kwata, na kamo ta a bakin titi. Sai da na riƙe ƙahonta na lura ba inda ke mini ciwo. Ƙafafun sun dawo garau, daidai ranar da Danjuma ya faɗa. Na saki akuyar, na koma na zauna inda na saba zama.