Ranar da Na Ajiye Buta a Kan Gawar Haladu

Shekara tara ke nan da na wanke abokina Barista Yakubu da hannuna, na naɗe shi a likkafani, muka kai shi makwancinsa a nan Inugu. Ni ne mai wankan gawar maza a unguwarmu ta Coal Camp, kamar yadda mahaifina ya yi kafin ni, da safe kuma ina koyar da yara karatun allo. Na san abin da ake tsammani daga mai irin wannan rubutu: ya yabi mamaci, ya yi addu'a, ya ce komai ya wuce. Yabo da addu'a zan yi. Amma ba komai ne ya wuce ba, kuma ban ɗauki alƙalami don in sanyaya wa kowa rai ba.

Tare muka tashi da Yakubu, gidansu yana kallon namu. Babansa tela ne. Tun muna yara musu ne abincin Yakubu, kuma da Hausa da Ibo da Turancin kasuwa duk wanda ka zaɓa zai kayar da kai a ciki. Bai taɓa cin abinci ya tashi babu ɗigon manja a gaban rigarsa ba, har bayan ya zama lauya, shi ya sa nake ce masa Allah ya taimake shi da aka yi rigar kotu baƙa. Da ya gama karatu mun ɗauka Abuja zai nufa. Sai ya kama ɗaki ɗaya a saman wani shagon kayan gyaran mota, ya kafa tebur da benci.

A kan bencin nan 'yan baro suke zama, da 'yan ga-ruwa, da masu yankan farce, da 'yan okada masu haya da babur, samarin da suka baro ƙauye suka zo neman na kai. A lokacin, da zarar an yi sata a kasuwa sai a kwashe duk wanda aka gani da ƙaramar riga da hula, a zuba su bayan kanta. Yakubu ne mai bin su ofis-ofis. Yau yana Anacha, jibi an kira shi Mile 2 Diobu a Fatakwal. Abu ɗaya yake nanata musu har suka haddace: kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Suka sa masa suna Lauyan 'Yan Baro, wasu manyanmu suna faɗin sunan da raini, shi kuwa yana jin daɗinsa.

Haladu yana cikin waɗannan samari. Baro yake turawa a kasuwa, yana da mata da ɗa a gida Arewa. An kama shi da ƙafarsa, lafiyarsa ƙalau, bayan 'yan kwanaki aka kawo mana shi a bayan mota, aka ce zazzaɓi ne ya kashe shi a tsare. Aka shigar mini da shi ɗakin wanka. Na ɗaga mayafi. Na wanke mutanen da zazzaɓi ya kashe ba adadi, ban taɓa ganin zazzaɓin da yake barin shatin igiya a wuyan hannu ba, ko ya farfasa wa mutum gadon baya. Na ajiye buta, na fito, na aika a kira Yakubu.

Ya zo ya duba. Sannan ya fita wurin jama'a ya roƙi abu ɗaya: a jinkirta jana'iza zuwa washegari, likita ya duba gawar ya rubuta abin da ya gani. Ya ce in babu takardar likita, babu kotun da za ta saurare mu.

A nan ne Alhaji ya shigo maganar. Ba zan rubuta sunansa ba, ba don ina jin nauyinsa ba, editan jaridar da zai buga rubutun nan ne ya hana. Shi ne babba a cikin 'yan kasuwarmu a lokacin, a rumfunansa samarin suke kwana, shi ne kuma mai shiga ofishin 'yan sanda a ba shi kujera. Ya iso wayarsa tana hannu, bai daɗe da gama amsa kiran wani da ba mu sani ba, bai ko leƙa ɗakin ba. Ya ce, "Jama'a, mu baƙi ne a garin nan. Sunna ita ce a gaggauta. Shi lauya so yake a kai ɗan'uwanku asibiti a farke masa ciki kamar rago. Kun yarda?" Wa zai ce ya yarda? Wuri ya ruɗe. Yakubu yana ta bayanin cewa addini bai hana jinkiri don a tsayar da haƙƙin wanda aka zalunta ba, babu mai jin sa.

Sai Alhaji ya juyo kaina. Ya ce, "Malam Isiyaku, kai ka fi ni sani, mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani." Na ce, "Alhaji, aibin mamaci aka ce a rufe, ba aibin wanda ya kashe shi ba." Ya tura ɗan okada unguwar Abakpa Nike aka ɗauko wani mai wankan. Kafin la'asar an rufe Haladu, an rufe shaidar tare da shi.

Duk da haka Yakubu ya shigar da ƙara, na kuma tsaya na faɗi abin da idona ya gani. Lauyan ɗaya ɓangaren ya tambaye ni a wace makaranta na karanta likitanci, aka yi dariya. Aka kori ƙarar. Mahaifin Haladu, tsoho ne da ya taso tun daga ƙauyensu, ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Da ya ga mutane suna tashi sai ya kamo hannun rigata ya ce, "Malam, an gama ne?" Na ce an gama. Ya ce, "To me suka ce ya kashe shi?"

Da a nan Alhaji ya tsaya, da wataƙila na ce tsoro ne, kuma tsoron ɗan Arewa a Kudu ba abin dariya ba ne, duk mun san shi. Amma bai tsaya ba. Magana ta fara yawo cewa Yakubu yana da hannu da asibiti, yana kai musu gawar Musulmi ɗalibai suna koyon aiki. Daga rumfunan Alhaji ta fito, kowa ya sani. Aka gaya wa samari duk wanda aka gani a bencin lauya ya nemi wurin kwana. Aka daina ba shi dama ya yi magana a masallaci. Mutanen da ya fitar daga bayan kanta suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Bai daina aiki ba, in aka kama su a ɓoye suke aiko masa, ya kuma je. Amma dariyarsa ta tafi, hawan jini ya kama shi, wata rana ya yanke jiki ya faɗi a matakalar kotu. Ya rasu bai kai shekara hamsin ba.

Sahun jana'izarsa bai cika tsakar masallaci ba. Maƙwabtansa Ibo masu sayar da kayan mota su ne suka rufe shaguna suka tsaya a waje. Ɗaya daga cikinsu ya tare ni da Turancin kasuwa, yana tambayar me mutumin nan ya yi mana, ya ce, "Malam, wetin this man do una?" Kunya ta rufe ni a madadin mutanena.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu kowane ɗan baro yana da waya mai ɗaukar hoto, kafin a ce a gaggauta, shatin igiya ya zagaya duniya. Kwanakin baya na ji an yi irin ta Haladu a Fatakwal, samari da kansu suka ce ba za a rufe ba sai likita ya gani, liman kuma ya goya musu baya. Da Yakubu yana nan da ya yi dariyar nan tasa mai girgiza benci. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne ganin Alhaji a wani taro, riƙe da makirufo, yana cewa, "Marigayi lauyanmu shi ya wayar mana da kai." Ina wurin. Na tashi na fita don kada bakina ya ja mini.

Bana ciwo ya taɓa Alhaji, ƙafa ta kumbura, sai an riƙe shi yake zuwa masallaci. Ya aiko ɗansa ya kira ni. Na je, na gaishe shi yadda ake gaida manya. Ya ce, "Malam Isiyaku, kai ka wanke mahaifina, kai ka wanke ƙanena. Wasiyya nake ba ka, in tawa ta zo, kai nake so ka wanke ni. Abin da ya wuce kuma a yafi juna." Na gane abin da yake nema. A unguwar nan babu babban mutumin da ya rasu ban wanke shi ba. In na wanke Alhaji, kowa zai ce magana ta mutu. In na zauna a waje, kowa zai tambayi dalili.

Na ce, "Alhaji, zan wanke ka, da sharaɗi ɗaya. Ka tashi ranar Juma'a a gaban jama'a, a masallacin da aka hana Yakubu magana, ka ce ƙarya aka yi masa, ka kuma faɗi wanda ya kira ka a waya ranar Haladu." Ya juya fuska bango ya ce zai yi tunani.

Liman ya same ni ya ce in yi haƙuri, yafiya ta fi. Ban musa ba. Na ma san Yakubu, da shi ne, da tuni ya yafe, har ya ɗauki shari'ar ɗan Alhaji in ta taso. Amma ni ba Yakubu ba ne, kuma haƙƙin ba nawa ba ne balle in yi kyauta da shi. Na 'ya'yan Yakubu ne da suka tashi ana nuna su da baki, na ɗan Haladu ne da aka gaya masa zazzaɓi ya kashe ubansa. Alhaji kuwa ba zai rasa mai wanka ba. Mutumin Abakpa Nike yana nan da ransa, kuma an san shi da sauri.

Yakubu bai bar gida ba, bai bar mota ba, ɗakinsa ma yanzu tayoyi ake ajiyewa a ciki. Abin da ya bari shi ne samarin da ba su taɓa ganin sa ba, amma in an miƙo musu takarda sai su ce a karanta musu tukuna. Allah ya jiƙan shi, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan Haladu.

Ni kuma kowace Juma'a ina zama a sahun farko, daidai inda ake ajiye wa Alhaji kujerarsa. In an sallame sai in juya in dube shi. Har yanzu tunani yake yi. In ya tashi ya yi magana, zan wanke shi da ruwan ɗumi da magarya kamar ubana. In kuwa ajali ya riga bakinsa, zan ɗauki tabarmata in zauna a ƙofar ɗakin wanka, butata a ajiye a gabana. Duk wanda ya tambaye ni dalili zan gaya masa, tun daga shatin igiya har matakalar kotu, kuma a ranar babu wanda zai ce mini in gaggauta.