Ƙyallayen Gwaggo Kulu

Ku da kuka san Gwaggo Kulu ta Zurmi, yayar babanmu, ai kun san halinta: hadari na haɗowa mata su ruga kwashe shanya, ita kuwa lokacin take fito da tata. Sai ta tara mu, mu yaran gidan, ta raba mana fararen ƙyallaye. Mu shimfiɗa a tsakar gida, mu barbaɗa zoborodo da shuni da garin lalle, mu jera ƙusoshi masu tsatsa.

"Ku zuba, ku ja da baya," in ji ta. "Sama ta san aikinta."

Mu koma bakin ƙofa, muna kallon ja yana rarrafawa wajen shuɗi. In rana ta busar, wani ya ga raƙumi a nasa, wata ta ga gulbi da kwale-kwale. Ni na taɓa sa yatsa zan gyara wani tsuntsu. Ai kuwa na sha ranƙwashi!

"Ke Hadiza, ruwan ya ce miki ya gaza?"

Wani marini daga Shinkafi ya ga ɗaya a kan igiya, ya liƙe sai ta yi masa irinsa sak. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, tahi ka tambayi hadarin Laraba, shi ya yi."

To, ga abin kunyata. Rannan ta tafi suna Kaura, sai ga hadari baƙi ƙirin, ga mu babu ƙyalle ko ɗaya. Ni uwar iyayi na buɗe akwatinta, na zaro wani farin yadi mai ƙanshi. Muka zuba, muka ja da baya. Ashe likkafaninta ne! Wanda ta zo da shi daga Makka, ta wanke da zamzam, take ajiye da shi don ranar tafiyarta.

Innarmu na gani ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa na ruga na laɓe bayan rumbu.

Gwaggo ta dawo da la'asar. Ta tsaya gaban yadin tana kallonsa. Ruwan ya yi wata bishiya ja mai rassa har gefe, da shuɗi kwance ƙarƙashinta.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na fito ina kuka. "Ni ce, Gwaggo."

"Ji maƙaryaciya! Ke kin iya wanga? Zubawa kurum kinka yi." Ta share ido da gefen mayafi. "Kai, wanga ya hi ƙarhin a binne shi. Ɗauko min igiya."

Bara Allah ya yi mata rasuwa. A sabon fari muka suturta ta, yadin nan kuma yana rataye a ɗakina. Wallahi ina kewarta, musamman in iska ta fara kaɗawa na ga 'ya'yana sun fito da ƙyallayensu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kulu, ya saukar da ruwan rahama a kabarinta. Ya Allah, ta zuba nata, ta ja da baya. Saura naka.