Sallar Mutumin Durowa Ta Bakwai

Shekara ashirin da shida ke nan Kawu yana aiki a ɗakin ajiye gawa na asibiti. Ba kawun kowa ba ne a wurin, sunan ne kawai ya bi shi. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya tilo yana nesa, sai waya jefi-jefi. Ma'aikata suna gaishe shi, amma ba mai miƙa masa hannu. Aikinsa ya karɓi gawa, ya rubuta lamba, ya tura durowa. Ɗumama ruwan wanka ba ya cikin aikin, amma bai taɓa zuba wa mamaci ruwan sanyi ba.

A durowa ta bakwai akwai wani mutum da aka tsinto a tasha. Kwana goma sha tara, ba wanda ya zo cigiya. Ranar da takarda ta fito cewa motar hukuma za ta kai shi maƙabarta bayan azahar, Kawu ya wanke shi, ya suturta shi da farin yadin da ya ajiye wa kansa. Saura salla, kuma ba ya son mutumin ya tafi ba ko sahu ɗaya.

Ya tarar da akawu da mai ba da magani a ƙofar masallacin asibiti, suna musu a kan mene ne addini. Akawu ya ce ilimi ne, mai magani ya ce a zuci yake.

"Gafara dai, malamai," in ji Kawu. "Mutum biyu nake nema su tsaya bayana. Minti biyar."

"Kawu na matattu," in ji akawu. "Wa ma ya ce maka Musulmi ne?"

"Kantar idon sawunsa na hagu. Zaman tahiya ke kawo ta. Na daɗe ina ganin ƙafafu."

"Kanta ba hujja ba ce. Mai facin taya ma yana da ita."

Mai magani ya duba agogo. "Layi na jirana, Kawu. Amma ka sani, niyyata tana tare da kai."

"To ka turo ta, ta tsaya bayana."

Suka yi dariya, kowa ya sa takalminsa ya kama gabansa.

Kawu ya turo gadon gawar bayan gini, tsakanin janareta da igiyar shanya. Direban motar ya riga ya iso, yana danna ham.

"Tsoho, ina da sauran wurare."

"Kashe injin."

"Ni fa ba sallarku nake yi ba."

"Ban ce ka yi ba. Ƙarar ce ba na so."

Direba ya kashe. Kawu ya cire takalman roba, ya daidaita gawar, ya yi kabbara. Da ya zo wajen addu'a sai harshensa ya tsaya, don bai san sunan da zai kira ba. Ya ce, "Ya Allah, ga bawanka. Kai ka san shi." Ya sallame, ya waiwaya. Ba kowa sai bango da zannuwan gado a kan igiya.

Direba ya sauko ya kama wajen ƙafa.

"Ɗan'uwanka ne?"

"A'a. Ɗaga a hankali."

Suka sa shi a mota. Babu wurin zaman Kawu a gaba, kuma ba a barin ɗakin ba kowa. Ya tsaya ba takalmi a kan siminti mai zafi har motar ta sha kwana.