Irin Geron da Ya Kusa Hana Ni Digiri

Ni mutum ne mai mantuwa, har a gida akan yi mini tsiya a kai. Amma akwai abu guda da ya same ni a shekarata ta ƙarshe a jami'a, wanda nake jin ko tsufa ba zai goge mini shi ba.

Fannin halittu na karanta, ɓangaren da ya haɗa nazarin muhalli da binciken ƙwayoyin gado, wato abin da ɗa ke ɗaukowa daga iyayensa, mutum ne ko dabba ko tsiro. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi aikin bincike nasa, in babu shi babu digiri. A lokacin fari ya matsa wa ƙasarmu ta Isa da Sabon Birni shekara bayan shekara. Ruwa zai sauka a yi shuka, sai ya ɗauke, a zuba ido har tsiron ya ƙone. Don haka na zaɓi in tattaro irin gero na gado daga ƙauyukanmu, in duba yadda suka bambanta da juna, da fatan ko a cikinsu akwai mai jure ƙishirwa. Malamar da ke duba aikina, wadda muke kira Dakta, ta ce tunanin ya yi.

Bayan kaka na ari babur na shiga Turba da Gatawa da ƙauyukan da ke kewayen Bafarawa. Lokacin tsaron hanya bai lalace kamar yanzu ba, ko da yake ba na bari yamma ta same ni a daji. Na yi taka-tsantsan har ya wuce kima. Kowane gida da ambulan ɗinsa, kuma sai na wanke hannu kafin in taɓa na gaba. Kun san baƙo namiji ba ya wuce zaure. In yi sallama, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, wani gidan har da fura. Sai in ce wa maigida irin gidansu nake so, wanda suka tarar iyaye na shukawa. Yakan ɗan yi shiru, ya ce madalla, ya shiga ciki, ya fito da gero a ƙwarya.

"Wannan na gado ne ko, Baba?"

"Awo. Ɗebi abinka."

Haka aka yi mini kusan ko'ina. Na koma makaranta ina jin ba ɗalibin da ya kai ni tsabtar aiki.

A ɗakin gwaji na shuka kowane iri daban, ya tsiro, na yanki ganye, muka ciro ƙwayoyin gadonsa, na'ura ta karanta. Daga nan aikin kwamfuta ne. Takan kwatanta su ta zana wani abu kamar itace, 'yan uwa na kusa su hau reshe ɗaya, na nesa su rabu. Ni ina jiran itace mai rassa ko'ina, tunda daga Gatawa zuwa Turba tafiya ce. Abin da ya fito sai ya yi kama da tsintsiya ɗaurarriya. Kusan duka sun cure wuri guda. Na sake, haka. Na sake duba lissafin tun daga farko, haka dai.

Da na kai wa Dakta, ta daɗe tana kallon zanen kafin ta ce in zauna.

"Abu biyu ne ke kawo wannan," in ji ta. "Ko dai ka gauraya su a ɗakin gwaji, ko kuma ka auno gero a kasuwa ka raba shi ambulan-ambulan. An taɓa yi mini haka."

"Wallahi, Dakta, gida-gida na bi."

"Ban ce ka yi ba. Amma malamin da za a gayyato daga wata jami'a ya yi muku tambayoyi, wannan zanen zai gani, ba rantsuwarka ba."

Ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. In gauraya ce, sai in maimaita shekara. In kuwa aka ɗauke shi a matsayin maguɗi, sai gaban kwamiti, kuma waɗanda suka shiga can ba kasafai suke fitowa da digiri ba. Ta ce in je in nemo bakin zaren kafin lokacin miƙa aiki. Na tashi na fito. Abin da ya fi cin raina shi ne ni kaina na fara zargin kaina. Ko akwai ranar da na manta ban wanke hannu ba? Ko na haɗa ambulan biyu? Ban iya rantsewa a kan komai ba, tunda na san halina na mantuwa.

Na hau mota zuwa gida, ban ma san abin da za ni nema ba. A Turba na sauka, wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mace mai faɗin magana yadda take. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi mini.

"Kai likitan hatsi, mi yas same ka? Ka zube kamar akuyar rani."

Na zauna na kwashe labarin na gaya mata, har da itacen da tsintsiyar. Ina tsammanin za ta yi salati. Sai ta ajiye rariya ta kama dariya.

"To ai injin naku bai yi ƙarya ba. Hatsi guda anka ba ka."

"Kamar yaya, Gwaggo?"

"Bara waccan ba kana makaranta ba? Munka shuka ta ƙone, munka sake ta ƙone. Da ruwa ya dawo sosai, iri ya ƙare ga kowa. Sai kasuwar Bafarawa, wurin masu kawo hatsi daga ƙetaren iyaka, wanga mai saurin nuna. Shi kowa yas shuka, shi ad cikin rumbun kowa."

"Amma na tambaye su. Sun ce mini na gado ne."

"Kai ma dai! Ka taho da babur da jakka daga jami'a, ka zauna zauren mutum, ka ce shi ba ka irin ubanai. Sai shi buɗe baki shi ce ma irin ubana ya mutu hannuna? Wa ka faɗin haka gaban baƙo?"

Na tuna har gidanta na ɗebi iri. Na ce, "Har ke, Gwaggo?"

"Ni ka tambaya? Maigida ka tambaya. Ni ƙwarya kawai na miƙo."

Ban san yadda za ni bayyana abin da na ji ba. Daɗi ne, don ashe hannuna bai yi kuskure ba. Amma kuma abin ya dame ni, don na gane dattawan nan ba yaudarata suka yi niyya ba. Na nemi abin da babu, ba a hana baƙo, ba a kuma tona asirin gida a zaure, sai suka ba ni abin da ke akwai. Shirun nan da suke yi kafin su shiga ciki, sai a ranar na fahimce shi.

Sai dai maganar Gwaggo ba hujja ba ce a jami'a. Na ce mata abu biyu nake bukata: geron kasuwar nan, da kuma tsohon iri na gaskiya, in har ya rage a wani wuri. Ta yi tunani, ta ce a nemi waɗanda ba su sake shuka ba. Fulanin rugar da ke bayan gari sau ɗaya suka shuka a shekarar, da ta ƙone suka kora shanu suka yi kudu, don haka mai yiwuwa ragowar irinsu na nan. Akwai kuma tsofaffin mata masu ɓoye iri a gora su toshe da toka.

Washegari ta ɗauki mayafi muka fita. Ita ke shiga gidaje, ni in tsaya waje. Wata rana na jiyo ta ta bayan danga, sai na lura ko kaɗan ba ta tambaya irin tawa. Sai an gaisa, an jajanta fari, sannan ta ce, "Mu dai namu ya ƙare ƙaf, na kasuwa muka ci. Ku ko Allah ya bar muku ragowa?" Da yake ita ta fara faɗin nata rashin, sai bakin kowa ya buɗe. Mafi yawa suka ce su ma haka. Amma tsofaffi biyu ko uku suka shiga ɗaki suka fito da gora.

A ruga muka tarar tuni sun dawo daga kudu, ga dattijon gidan zaune yana tufkar igiya. Matarsa ce ke kawo wa Gwaggo nono, don haka an saba. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya kalli sama ya yi murmushi.

"Ikon Allah. Yau Gobirawa sun zo roƙon hatsi wurin Bafillace."

"Aro munka zo, ba roƙo ba," in ji Gwaggo. "Kuma kai ma wurin kakanninmu ka samo shi."

Ya shiga bukka ya fito da zangarniyoyi dogaye, sun yi duhu saboda hayaƙi. Kafin ya miƙo mini ya ce, "Ɗan boko, kar ka niƙe shi duka cikin injinka." Na ce ganye kawai nake bukata, kuma in Allah ya yarda za ni dawo masa da abinsa. Ranar kasuwar Bafarawa kuma na auno na 'yan ƙetare. Mai sayarwar bai ɓoye mini inda ya fito ba, don shi ba abin kunya ba ne a wurinsa.

Da na koma, sai na roƙi Dakta alfarma guda. Na ce ita da hannunta ta karɓi sababbin irin, ta sa musu lambobin da ni ban sani ba, don kada a ce na ja sakamakon inda nake so. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce to. Aka shuka. Kwanakin jiran tsiron nan ban ci abincin kirki ba. Ina ta tunanin in geron kasuwa ya faɗa wani reshe daban, shi ke nan, ba ni da sauran magana.

Ranar da sakamako ya fito, tare muka zauna gaban kwamfutar. Itacen ya bayyana. Tsintsiyar na nan yadda take, amma wata sabuwar lamba ta shige tsakiyarta ta zauna. Sauran sababbin kuwa kowace ta yi nata reshe, nesa da tsintsiyar, nesa da juna. Dakta ta duba lambobinta. Wadda ta shige tsakiya ita ce ta kasuwar Bafarawa. Reshen da ya fi kowane nisa na ruga ne.

Ta cire tabarau ta ce, "Ka san abin da ka samo kuwa? Ka je neman bambanci, ka tarar fari ya cinye shi, ƙauyuka sun koma kan iri ɗaya ba wanda ya sani. Wannan ya fi abin da ka je nema."

Na ce, "Dakta, gidajen ba su da yawa, ba za a ce duk ƙasar haka take ba, kuma wataƙila…"

"Rubuta hakan ma, gaskiya ce. Amma ka daina rawar murya."

Ranar kare aiki, baƙon malamin ya tsare ni da tambayoyi. Ya ce tunda manoman sun faɗa mini abin da ba haka ba da farko, don me zai yarda da na biyun? Na ce ni ma ban dogara da baki kaɗai ba, shi ya sa aka ɓoye mini lambobin, kuma zanen da maganar mutane sun haɗu ba tare da na haɗa su ba. Ya tambayi dalilin da ya sa suka ɓoye tun farko. Na ba shi labarin zaure. Sai ya ce shi ma ɗan manomi ne, kuma mahaifinsa da haka zai yi. Ya juya ya ce wa Dakta kada a bar wannan aiki ya kwanta a kabad. Na fita da maki mafi girma da ake bayarwa. Ni da kwanan baya nake tsoron kora!

An ninka ragowar tsohon irin a gonar makaranta, kuma damina ta gaba na kai shi gida. Dattijon ruga ya karɓi nasa har da ƙari. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta raba wa gidajen da suka ce nasu ya ƙare. Ba za ni ce na ceto wani iri ba, wannan ya fi ƙarfin bakina, kuma ban san nawa ne suka ci gaba da shuka shi ba. Abin da na sani shi ne ya koma ƙasa.

Har yau aikin bincike nake yi, kuma har yau ina zama a zaurukan mutane. Abin da na koya shi ne, in tambayarka ta sa mutum zaɓi tsakanin gaskiya da mutuncinsa, mutuncinsa zai riƙe, kuma bai yi laifi ba. Aikin mai tambaya ne ya gyara hanya yadda gaskiya za ta fito ba tare da ta kunyata mai ita ba. Shi ya sa yanzu, kafin in tambayi manomi abin da ke rumbunsa, nakan fara gaya masa cewa a gidanmu ma iri ya taɓa ƙarewa.