Jarkar Malam Nura

Cikin ranakun aikina na gadi a ƙaramar sakandare ta yankin Batsari, akwai wadda ba ta fita raina: ranar da 'yan aji biyu suka buɗe wakensu.

Malam Nura ne ke koya masu kimiyya. Da kaka ya sa suka adana wake kashi uku, ɗaya cikin toka, ɗaya da barkono, ɗaya a jarka mai murfi, don a ga wanda ƙwari ba za su ci ba. Ya faɗa masu yana zaton jarka za ta fi, domin ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska.

Ni ma na sa ido. Tun da muka baro garinmu Ruma, 'yar gona ɗaya ta rage mini, irin da zan shuka baɗi kuwa bai cika buhu ba. Na ce wa Malam duk abin da yaran suka gano, shi zan bi.

Ana gab da hutun Disamba na kawo masu kayan daga sito, suka zazzage a faifai. Malam ya ce kowane rukuni ya rubuta a allo abin da ya gani. Ina ajin yaƙi da jahilci, don haka na bi rubutun a hankali. Duka sun rubuta jarka ta fi. Ni kuwa daga bakin ƙofa ban hango faifan ba, har na fara tunanin inda zan samo jarka.

Malam ya ce, "Kun tabbata?"

A wurinmu yaro ba ya ƙaryata malaminsa.

Can wata ɗaliba, Hadiza, ta ce, "Malam, a yi haƙuri, na jarkar duk ya zama gari. Na toka ne lafiya lau."

Wani ya ce, "Ke, kin fi Malam sani ne?"

"Ni dai ido gare ni."

Malam ya yi dariya, ya ɗaga murfin jarkar wajen haske, sai ga tsaga. Ya ce, "To, jarka ce ta kasa ko murfi? Ba mu sani ba, sai mun sake." Ya juyo wurina ya ce, "Baba, da ka bi allon nan, da kunyata da yaran nan ke ji ta cinye maka iri."

Na zuba irina cikin toka. Ranar na gane wahalar aikin malamin kimiyya: ya samu yara masu ladabi su faɗi abin da suka gani, ko da ya saɓa da maganarsa.